Alamar Wanki a Littafin 'Yata

Litinin, da hantsi

Littafin ya iso shago. Ƙanwata ce ta kawo shi, wadda muke kira Rediyo tun tana ƙarama don magana ba ta kwana a cikinta. Ta dire shi a kan teburin guga, bisa farar rigar mutane, sai ka ce ba a gidan wanki aka haife ta ba.

"Hedimasta," in ji ta, don haka suke kirana a gida, "'yarki ta wanke mu tas, ta shanya mu a bakin titi."

Na ce ta ɗauke abin daga kan rigar tukuna.

'Yata ce ta rubuta shi. Marigayi Baba ne ya sa mata 'Yar Tambaya, sunan kuma ya bi ta har birnin da take aiki. Na san tana rubuce-rubuce, na ɗauka irin na ofis ne. Ashe labarin wani gida ne, tun daga kaka har jikoki, masu gidan burodi. Rediyo ta ce burodin rufa-ido ne kawai, mu ne.

Yaya, babban wanmu, ya riga ya yanke hukunci, shi da yake zaune a benen da ke saman shagon nan tun rasuwar Baba. Ya ce yarinyar ba za ta sake taka matakalar gidan ba sai ta janye littafin daga kasuwa ta zo ta ba shi haƙuri. Ita kuwa ƙarshen wata za ta zo hutu, kuma a saman nan muke haɗuwa cin abinci duk ƙarshen wata tun Baba yana da rai.

Na tambayi Rediyo ko Yaya ya karanta. Ta ce ita ta ba shi labari. Na ce, ke kin karanta? Ta ce ta duba wuraren da suka fi muhimmanci.

Zamanin da muke ciki ke nan.

Litinin, da yamma

Yarinyar ta kira, ban ɗauka ba. Na aika mata saƙo cewa sai na gama karantawa. Ban taɓa cewa riga ta fita ba sai na juya cikinta.

Laraba, da safe

Na gama babi na farko tsakanin shanya da kwashewa. Rubutun da tsabta, wannan ba zan ɓoye ba, ko da yake akwai shafin da ta fara jimla uku a jere da "amma", abin da malaminmu na sakandare zai sa mutum ya durƙusa a kansa. Akwai kuma wata yarinya a ciki da ta mayar wa uwarta magana, aka juya shafi ba abin da ya same ta. Zan yi wa 'yata magana kan wannan.

Tsohon mai gidan burodin yakan yi tari sau biyu kafin ya buɗe ƙofa, don kada ya riski kowa cikin abin kunya. Baba ke nan. Amma tsohon yana shan taba, Baba kuwa ko ƙamshinta ba ya so. Matakalarsu tana hagu, tamu tana dama. To mu ne ko ba mu ba ne? Abin ya tsaya mini a rai duk safiyar nan, har na kusa zuba bula a kayan da ba farare ba.

Laraba, da yamma

Na samo dabara, kuma ta gidanmu ce.

Dokar Baba a shagon nan ita ce, duk rigar da ta shigo sai an yi mata alama da zare a cikin wuya, ɗinki ƙanana yadda mai ita ba zai ji ba. Ba wanda zai fita da riga sai alamarsa ce a jiki, ko da ya rantse. Wadda ba a zo nema ba takan hau kantar ajiya ta sama, ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Kayanmu na gida ma da alama suke shiga ruwa, don tare ake wanke su da na mutane. Baba fari, Yaya baƙi, ni ja, Rediyo rawaya.

Na ɗauko allura. Duk inda na ga halin wani a littafin, zan soka zarensa a gefen shafin. In na gama, kowa zai ga kayansa.

Baban yara ya same ni ina yi, ya tsaya da jaridarsa a hammata. "Karatu kike ko ɗinkin kaftani?"

Na ce mutumin da ya yi ritaya ya kamata ya nemi abin yi.

Akwai koren zare ma a gwangwanin. Ban fito da shi ba.

Juma'a, da safe

Akwai wata a littafin, 'yar tsohon ta tsakiya, mai riƙe da makullin sito. Ba ta yarda a ɓarnatar da gari, ba ta yarda a zauna a kan buhu. Ita kaɗai ce mai hankali a gidan. Na zare jan zare da farin ciki.

Lahadi, bayan abincin rana

Kaya sun gauraye.

Mai makullin nan da na ɗauka ni ce, in ta shiga sito ita kaɗai sai ta kama waƙa tana juyi. Ni ban taɓa ba. Rediyo ce mai wannan, ita ce muke kamawa tana rawa da rigunan mutane a bayan igiya. Na sa rawaya. Shafi na gaba sai ga ta tana bin ɗakuna tana kashe fitila a kan mutane suna zaune. Yaya ke nan, ba tantama. Na sa baƙi. Mace ɗaya, zare uku. Da a shago ne, da na ce yau an yi asara.

Rediyo ta leƙo da yamma ta ce ita ce kyakkyawar nan ta babi na huɗu wadda samari suke layi a ƙofar gidan burodi dominta. Na nuna mata ba rawaya ko ɗaya a babi na huɗu. Ta ce zarena ne ba ya gani.

Me ya sa mutum zai ɗauki idon wannan, bakin wancan, ya haɗa ya ce ga mutum? Kuma me ya sa in ina karantawa nake jin kamar na san matar, alhali babu ita? Ina so in tambayi yarinyar yadda ake yi. Ba yanzu ba.

Talata, da hantsi

Wani ya kawo wando da rabin alewa a aljihu, ta narke ta kama. Babban mutum da gemunsa. Iyaye sun daina koya wa yara juya aljihu, shi ya sa duniya ta koma haka.

Na iso kan babban ɗan tsohon, wanda Yaya ya ce shi aka zaga. Mutum ne mai tsanani, gaskiya ne. Amma tarinsa na Baba ne, ya gada a littafin. Tafiyarsa ta mai kantin da ke kusurwar layinmu ce, mai jan ƙafa ɗaya. Da ƙaramar yarinyar gidan ta tambaye shi wane ne a wani tsohon hoto, sai ya ce mata, "Ba a tambaya a gidan nan."

Na daɗe da allura a hannu. Yaya bai taɓa faɗin haka ba, shi tashi yake ya bar wurin. Ni nake faɗa. Na sa ja.

Har yau ban ga laifin maganar ba. Yaro ba komai ya kamata ya sani ba.

Laraba, da yamma

Babi na bakwai. Tire guda na burodi ya ƙone. Babban ɗa ya faɗi wata magana a gaban ma'aikata. Ƙaramin ɗan gidan ya tuɓe rigar aikinsa, ya ninke ta, ya ajiye, ya fita.

Na rufe littafin.

Alhamis, da safe

Ban buɗe ba.

Juma'a, da safe

Ban buɗe ba. Na yi sitaci, ya yi kauri, na zubar na sake.

Asabar, da hantsi

Wa ya gaya wa 'yata akwai ƙuna a maganar?

Ba a haife ta ba lokacin da Autanmu ya fita daga shagon nan. Tun daga ranar ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Baba ya rasu yana kallon ƙofa. Mu kuma muka daina ambatonsa, ba don an yi shawara ba, haka kawai bakin kowa ya rufe. Yarinyar ta san dai an yi wani kawu da ya tafi. Iyakar abin da ta sani ke nan, don iyakar abin da na bari ta sani ke nan.

Na tsare Baban yara a kicin. Ya ɗaga hannu sama da cokali a ciki. "Ni? Ni da ko sunansa ban isa in faɗa a gidan nan ba? Ki tambayi gidan rediyonku."

Na tambayi Rediyo. Ta rantse, kuma na yarda, don a wannan maganar kaɗai take iya shiru.

Da na dawo shago na tsaya ina kallon teburin guga. A ƙarshensa na dama akwai inda dutsen guga ya ci katako a ranar da Auta ya fita. Tun lokacin bargo biyu nake shimfiɗawa a kai, da farin ƙyalle a sama, ba a taɓa yaye su a gaban yara ba. Sai na tuna inda yarinyar take zama tana ƙarama in an taso daga makaranta. Ƙarƙashin teburin nan, da littafinta, ƙafafuna a gabanta.

Na durƙusa, gwiwa tana ƙara. Na leƙa.

Ƙunar ta ratsa katakon. Daga ƙasa ana ganinta sarai, baƙa, da siffar dutsen guga har da hancinsa. Shekara da shekaru ina rufe sama, ita tana kwance tana kallon ƙasa.

Wata mata ta shigo karɓar labulenta ta same ni a haka. Na ce allura ce ta faɗi.

Lahadi, da yamma

Farkon kowane wata nakan sauko da wata shuɗiyar riga daga kanta ta sama, in goge ta, in mayar. Yarinyar tana ƙarama ta tambaye ni ta wa ce. Na ce ta wani kwastoma ce da bai zo ba tukuna. Ai ba ƙarya na yi ba.

A littafin, mai makulli ce take wanke rigar aikin ƙaramin duk wata ta rataye a bayan ƙofar sito. Nan ban yi shakkar launi ba.

Litinin, da safe

Na fito da koren zare, zaren Auta, na koma baya na bi duk inda ƙaramin ɗan ya fito tun daga farko.

Ban samu inda zan soka ba. Ko wuri ɗaya.

Ta yi shi dogo, siriri, shiru-shiru, mai zama a taga yana kallon ruwan sama da littafi a cinya. Wane ne wannan? Auta gajere ne. Sai ya kifa bokiti ya taka yake kai igiyar shanya. Ba ya cin abinci a zaune. Yana fito da baki tun daga kan layi ka san ya taho. In kwastoma ya juya baya sai ya sa rigarsa ya kwaikwayi tafiyarsa, har Baba ya juya ga bango don kada a ga yana dariya. Littafi kuwa, in ka ga ya riƙe shi to fifita yake yi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ta mai da shi wani salihi mai kama da majinyaci. Na ɗauki waya zan kira ta in ce wa ya ba ki wannan mutumin, sai na ajiye. Wa kuwa ya ba ta wani?

Laraba, da yamma

Na gama.

A babin ƙarshe ƙaramin yana wani gari a bakin teku. Ya buɗe ɗan shago, ya yi furfura, yana da 'ya mace mai yawan tambaya. Bai koma gida ba, amma da safe in ya buɗe ƙofa yakan yi tari sau biyu.

Na san ƙage ne. Na sake karantawa.

Alhamis, da hantsi

Na kira ta. Ta ɗauka tun kafin ta gama ƙara.

"Mama, kin gama?"

"Gaisuwa fa? Ko an daina a birnin?"

Ta gaishe ni. Na fara da yarinyar da ta mayar wa uwarta magana. Ta ce, "Mama, ai a babi na tara ta yi nadama." Na ce ta makara.

Na ce Kawunta yana nan a kan bakansa. Ta ce ba za ta janye littafin ba, don ba Kawun ta rubuta ba, labari ne. Na ce in labari ne me ya kawo tarin Baba a ciki? Ta ce, "Da me zan gina mutum in ba da abin da na gani ba? Kowa na ɗan ɗebo masa, har ke." Na ce na lura. Ta ce za ta zo ranar Asabar ko da a shago za ta ci abincinta, a kan teburin guga. Na ce ba a cin abinci a kan teburin guga.

Daga nan na yi tambayar da ban shirya yi ba. Na ce, "Garin nan na bakin teku. Kin ji wani abu ne?"



"A'a, Mama. Ban ji komai ba. Na dai so in ba shi wurin zama."

Na ce ana jirana da kaya.

Alhamis, da yamma

Na hau sama da littafin. Ya kumbura, zaruruwa sun fito ta gefe kamar tsohon tawul. Yaya yana zaune a kujerar Baba, ɗaki duhu-duhu, bai kunna fitila ba.

"In roƙo kika zo, koma," in ji shi. "Ni ne babban ɗa a gidan nan, ni ne babban ɗa a littafin. Kowa a layin nan ya gane."

"Yaya, a shagon Baba in mutum ya ce riga tasa ce, me ake ce masa?"

Ya harare ni. "Kada ki kawo mini hedimastancinki."

"Nuna alamarka, ake cewa."

Na kunna fitila ba tare da izini ba, na buɗe masa shafi-shafi. Fari a kan tarin. Ja a kan maganar hoto, da wasu jajayen da ban so yawansu ba. Jan ƙafa na mai kanti, shi ban da zarensa, na bar wurin. Baƙi ya fito a inda babban ɗan yake ɓare wa yara lemo da wuƙa, ɓawon bai tsinke ba, yana rataya musu a kunne.

"Wannan naka ne," na ce. "'Yata kake yi wa haka tana ƙarama."

Ya ɗauki tabaransa ya duba. Ya daɗe. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ranar fa?"

"Ba abin da ka faɗa ba ne a littafin. Ina wurin. Ba ta sani ba, ba wanda ya gaya mata."

Ya mayar da idonsa kan shafin. Ni dai ba zan rubuta a nan abin da aka faɗa a ranar ba.

Sai na buɗe inda aka fara kwatanta ƙaramin, na karanta masa a fili. Dogo, siriri, ba ya son hayaniya, yana zaune a taga.

"Dogo?" Yaya ya cire tabarau. "Wa? Wannan ɗan guntun da yake taka bokiti? Shiru-shiru? Mutumin da ya sa rigar alƙali ya yanke wa kyanwar gidan nan hukunci?"

Ya fashe da dariya har da tari, sai ya kira sunansa. Sunansa na yanka, a ɗakin nan, da ƙarfi. Dariyar ta tsaya. Muka zauna, ba mai kallon kowa.

Da na miƙe ya ɗora hannu a kan littafin. "Bar shi."

"Asabar fa?"

"Na ce bar shi. Ki kashe fitilar nan."

Na kai hannu, sai ya ce in bari.

Juma'a, da yamma

Rediyo ta ce tun safe bai sauko ba, shayinsa ya huce sau biyu. Ta ce ta ji shi yana faɗa shi kaɗai, "Ƙarya ne, ba haka yake ba." Ban san ko alheri ne wannan ba. Na goge wa yarinyar zanin gado a ɗakinta na gidanmu. Na kuma share bayan shago, ko da za a ci abincin a can.

Asabar, bayan kowa ya watse

Yarinyar ta iso da rana, da jaka a kafaɗa, ta rame. Ba sa cin abincin kirki a can. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ce ta gyara ɗankwalinta. Ƙamshin girki yana saukowa daga sama, ana jin muryar Rediyo da ƙarar faranti. Baban yara ya riga ya hau, wai zai duba yanayi, bai dawo ba.

Ta je gindin matakala ta tsaya, hannu a kan ƙarfen. Ba ta taka ba. Ni kuma na kama ninke wani zanin da na riga na ninke.

Sai muka ji tari sau biyu daga sama, ƙofa ta buɗe.

"Ke, 'Yar Tambaya!"

"Na'am, Kawu. Ina wuni?"

"Ajiye ina wuni. Wa ya ce miki dogo ne?"

Ta waiwayo ta dube ni. "Ba wanda ya ce mini komai, Kawu."

Sai ya ce, "To hau nan ki zauna, ki zo da biro. An ɓata mutum a banza."

Ta ɗaga ƙafa, na ce ta dakata. Na jawo kujera na hau, na sauko da shuɗiyar rigar daga kanta ta sama. Na juya mata wuyan ta ga koren zaren, ko da yake na san ta daɗe da ganinsa. Na ɗaga rigar a jikinta. Kafaɗar ko tata ba ta kai ba.

"Ki kai masa, ki auna da idonki," na ce. "Da hannu biyu. In kika yamutsa ta, ke za ki goge."

Ta hau da ita kamar mai ɗauke da jariri.

An daɗe a saman. Abinci ya huce, Yaya yana ta magana, Rediyo tana katse shi tana gyara masa, shi yana cewa ta rufe tashar. An kwaikwayi tafiyar alƙali. Ni ban ce komai da yawa ba, sai inda suka yi kuskure.

Rigar ta kwana a can, a bayan kujerar Baba. Da na sauko rufe shago na ɗaga kai na ga gurbinta a kan kantar, ƙura ta zagaye shi. Gobe zan goge wurin.

Maganar yarinyar da ta mayar wa uwarta magana tana nan. Ban manta ba.